Baba Sambo ya ce za a yi ruwa, na nuna mai waya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina saka takalmi zan fita anka kira ni. Baba Sambo, masinjan ofishinmu, ya rasu. Har yanzu ina zaune bakin gado da takalmi ƙafa guda, na rasa abin da nike yi.

Duk wanda ke cikin Sakkwato ya ga abin da ya sauko jiya da la'asar. Ƙanƙara a tsakiyar bazara, lokacin da ko hadari ba mu fara gani ba. Rediyo bai faɗa ba, waya ba ta faɗa ba. Mutum ɗaya na sani da ya faɗa, kuma ni na hana shi komawa gida.

Zan faɗi komai, don wallahi abin ya tokare mini ƙirji.

Abokan aiki sun san halina. Kullum da safe sai na buɗe waya na duba yanayi na sanar da kowa, har suna ce mini Malam Hasashe. Baba Sambo dariya kawai yake yi mini. Shi gidan mahauta ya fito a Gidan Igwai, ya ce tun yana ƙarami aikinsa ke nan, a shanya naman kilishi shi zauna yana kora ƙuda yana kallon sama.

Shekara tara muna tare da bawan Allahn nan. Da motata ta lalace, sati biyu cur yana zuwa har gidana a Arkilla da mashin ɗinsa yana ɗaukata, alhali ba hanyarsa ba ce. Da matata na da ciki ba abin da ke zama mata sai kilishi, duk Juma'a sai na tarar da ƙunshi cikin durowata. In na yi godiya sai ya ce ba da ni yake ba, da baƙon da ke tafe yake.

Jiya bayan azahar ya shigo ya tsaya bakin ƙofa. Ya ce iska ta juya, yana jin ƙamshin ƙasa daga gabas. Shi da yayansa Alhaji Ummaru sun shanya naman sa guda, yana roƙon in bar shi ya je su kwashe tun da wuri.

Na yi dariya, kaicona. Na ɗaga mai waya na ce duba, rana ce ƙwal har mako mai zuwa. Na ce zafi ne ya ishe shi yake neman hanyar gudu. Sannan na miƙa mai wata takarda cikin ambulan na ce ya kai wani ofis a sa hannu, daga can ya wuce gida.

Takardar nan ko Litinin anka kai ta ba abin da zai ɓaci.

Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Ranka shi daɗe, wayakka ba ta da hanci. Amma tunda ka ce, zan kai."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ashe da ya je mai sa hannun ba ya nan, ya zauna jira har la'asar. Yana kama hanyar gida sama ta rufe.

Ni ina cikin mota lokacin. Kun dai ga yadda gari ya koma. Kekuna masu ƙafa uku duk sun cire labule saboda zafi, fasinjoji sunka watse kowa na neman inda zai raɓe. Masu mashin sun cika gidajen mai, ruwa ya shanye titi, gilasan motoci sun farfashe. Awa uku na yi kafin in kai Arkilla. Kuma me nike yi cikin cunkoson nan? Bidiyo nike ɗauka, ƙanƙara ta yi fari fat a kan kwalta kamar an zubar da buhun gishiri, na ɗora a status na rubuta wai Sakkwato ta zama Turai, har da alamar dariya.

A daidai wannan lokacin Baba Sambo na kwance a ƙasa. Ya fake ƙarƙashin wata rumfa bakin titi, iska ta ɗebo kwanon ta sauke mai a kai. Mutane sunka ɗauke shi, amma ba abin hawan da ke motsi. Da ƙyar anka kai shi asibiti bayan magariba. Bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa.

Na goge bidiyon, amma mutane da yawa sun riga sun gani sun yi dariya tare da ni.

Na san za ku ce kwana ne ya ƙare. Na sani, na yi imani da haka. Amma da na ce mai jeka, da ƙanƙarar nan cikin gidansu za ta same shi. Wannan tunanin ya ƙi barina, kuma ban ga ranar da zai bar ni ba.

Alhaji Ummaru ne ya kira ni. Na yi zaton zai yi mini faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Sai ya ce Sambo ya farfaɗo kaɗan a asibiti ya bar mini saƙo: "A ce ma oga shi yi haƙuri, ban samu mai sa hannu ba. Takardatai na cikin rigata, ba ta jiƙe ba."

Ya ce in na zo jana'iza in karɓa.

Ƙarfe biyu za a yi mai sallah a Gidan Igwai. Ban san da wane ido zan dubi iyalinsa ba, ban san da wane hannu zan karɓi ambulan ɗin nan ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Sambo, ka sanyaya makwancinsa, ka dubi bayansa, ka sa Aljanna ce gidansa.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya ba ni haƙuri a comment. Ya ɗaga hannu ya yi wa Baba Sambo addu'a. In akwai saura, ya roƙa mini Allah ya sa Baba Sambo ya yafe mini kafin ya cika, don ni ban samu na roƙe shi ba.