Makullin Oga Yana Yashe

Jama'a, yau na je ta'aziyya saboda kwamfuta!

Manoma sun cika ofishinmu a Kusada, suna jiran sunayen rabon taki. Sunayen suna cikin kwamfutar oga, ta netwok nake janyo su zuwa tawa kwamfutar. Na danna foldar da sunayen suke, tawa ta tsaya cak! Na kashe na kunna, na cire waya na mayar. Shiru.

Na kira oga. Ya ce, "Ina Yashe wajen ta'aziyya. Na kashe komai na kulle ofishina, gudun gobara."

Na ce, "Ranka ya daɗe, makullin fa?"

Ya ce, "Yana aljihuna."

Na hau babur har Yashe. Mamacin ban san shi ba, amma na zauna aka shafa fatiha, na karɓo makulli.

Ina dawowa aka ɗauke wuta.