Zakaran Jikin Leda

Na yi shekaru ina koyar da tarihi a Kabo, kuma abin da na tsinta a ƙarshe shi ne, ba da tsawon ganuwa ake gane wayewar al'umma ba, da abin da take yi da ragowar abincinta ake ganewa. Kakanninmu sun kankare gindin tukunya, suka shanya, suka ba duniya ƙanzo. Turawa kuwa da burodinsu ya bushe sai suka niƙe shi, suna shafa wa nama kafin su soya. Daga baya 'yan kasuwarsu suka zuba masa kayan ƙamshi, suka ɗura a kwali, suka yi masa hoto. A wannan doguwar tafiya ta ɗan Adam ni ma na taɓa sa ƙafa sau ɗaya, a tsakiyar kasuwar Gwarzo, da lasifika a hannu. Ko duk sauran kwanakina za su ɓace mini, wannan rana tana nan.

Taubashina ne sanadi, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda kowa ke ce wa Alhaji mai burodi. Gidan burodinsa a Gwarzo irin na da ne, tandar bulo da itace. In aka fito da gashin safe, ƙamshin har tasha yake kaiwa, kuma har gobe in na ji ƙamshin burodi mai zafi sai na waiwaya kamar zan gan shi da fulawa a gira. To, sai motocin Kano suka fara kawo burodi mai yanka-yanka, mai laushi kamar auduga. Masu shayi suka koma can. Nasa ya riƙa dawowa kwantai, buhu-buhu, ana jibgewa a ɗaki yana bushewa. Wata rana ya ce mini, "Malam, in aka yi Babbar Salla zan kashe tandar nan." Bai yi dariya ba, alhali ni da shi ba ma minti biyar ba mu zolayi juna ba. Mutanen da ke ci daga tandar nan kuwa ba kaɗan ba ne.

Ana haka na je bita Kano, na shiga wani babban kanti don in sha sanyin na'ura, na ga wani kwali ɗan ƙasar waje da hoton soyayyar kaza. Na karanta abin da ke ciki, na saya, ban zame ko'ina ba sai gidan burodi.

"Garin busasshen burodi, gishiri, barkono, kayan ƙamshi," na fassara masa.

Ya juya kwalin, ya sansana. "Wato kwantai ne?"

"Kwantai ne, amma wanda ya yi makaranta."

"To ai ni ɗaki guda gare ni na marasa makaranta. Ga ka malami. Bismilla."

Haka aka fara. Aka ƙara busar da burodin a tanda, aka kai inji, Hajiya matarsa ta haɗa yaji da citta da kanumfari da tafarnuwa. Ni aka bar wa fannin ilimi. Na raɗa masa suna Ƙaras-Ƙaras, na kuma rubuta bayanin da za a buga a bayan leda: a sulala naman, a fasa ƙwai a tsoma shi, a mirgina shi cikin garin, a soya sai ya yi ja. Na gyara jimlolin nan kamar za a yi jarrabawa a kansu.

A kan hoto muka saɓa. Na kawo hoton soyayyen cinyar kaza da garin a jikinta, Alhaji ya dube shi ya ce, "Wannan ai ƙosai ne da ya sha wuya. Wa zai ce kaza ce? Kai duk abinka sai an yi maka bayani. A sa abin da ko daga nesa an san kaza ce." Hajiya tana da wani jan zakara, dogo, mai zanko kamar hular angwanci. Aka kira mai hoto, aka yi ta fama da shi a tsakar gida har ya tsaya ya ɗaga kai. Shi aka buga a gaban leda, ƙirji waje, lafiya lau.

Masu kai burodi a babur suka riƙa tafiya da ledojin. A cikin Gwarzo da Kabo, inda muka sa rai, shiru. Matan ma'aikata suka saya sau ɗaya, suka yaba, suka koma suyarsu ta gado. Amma daga Kutama da Madadi da Jama'a sai saƙo ke zuwa a ƙaro. Masu ƙananan shaguna suka ce ba ya kwana. Ni kuwa da ba na barin abu ya wuce ba sharhi, na zaunar da Alhaji na bayyana masa cewa ai tarihi ya nuna sabon abu daga gefe yake shigowa kafin ya ci birni. Ya ce, "Ko ma daga rijiya yake shigowa, a dai saya." Ya yanke shawarar a yi gagarumar talla ranar kasuwa, a soya a gaban jama'a, kowa ya ɗanɗana, ko mutanen gari sa farka.

Ranar aka kafa rumfa, aka ɗauko mai suyar kaji na bakin tasha da kaskonsa. Alhaji ya ce ba a biki ba ango, don haka jan zakaran nan shi aka yanka, bayan ya yi wa Hajiya alkawarin wani. Na sa babbar riga, na karɓi lasifika, na faro daga ƙanzo, na ratsa ƙasashen Turai, ina shirin sauka Gwarzo. Jama'a sun cika, ido a kan kasko, kunne kuma, na ɗauka, a kaina.

Sai ga wata tsohuwa ta kutso gaba. Daga Kutama take, ta zo da tsohuwar ledar garin a ƙulle a bakin zane don kada a ba ta wani iri. Ta tsaya tana kallon mai suya yana mirgina cinya a cikin garin. Ta dube shi, ta dube ni.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Amma ai wannan ya riga ya mutu. Me zai yi masa yanzu?"

Na sunkuya, na manta lasifika na kunne. "Me zai yi wa wa, Inna?"

"Zakaran mana. Ai tun da rai ake ba su. Ni da safe nake barbaɗa musu a kan dusa. Ka ga nawa yanzu? Sun kusa kamo na jikin ledar."

Kasuwa ta ji. Wasu suka fashe da dariya, amma na lura mutanen ƙauyuka ba su yi ba, gyaɗa kai suke yi. Ashe ƙaramar leda mai hoton lafiyayyen zakara, a wurinsu, abu ɗaya take nufi, irin maganin kajin nan da ake sayarwa a kasuwa. Ga kuma barkono a ciki, wanda dama shi ake jiƙa wa kaji in ciwo ya shigo gari. Komai ya yi daidai, bayanina ne kawai bare.

Na juya ga Alhaji. Fuskarsa ta sauya. Na matsa na ce masa a hankali, "Ka bari a tashi tukuna, mu yi shawara." Na san abin da ke ransa: kasuwar da ta hana tanda mutuwa, ashe a kan zaton magani take tsaye. Ya ce, "Ba ni abin maganar nan." Ya karɓa, ya fuskanci jama'a.

"Jama'a, ku ji tsakani da Allah. Wannan ba magani ba ne. Ba ya warkar da komai. Burodina ne da ya yi kwantai na niƙa, na zuba yaji. Don suya aka yi shi. Wanda ya saya da sunan magani ya yafe mini, ya kuma dawo da shi."

Ni dai na riga na yi wa tanda ta'aziyya a zuci.

Tsohuwar ta ce, "Au, burodi ne? Shi ya sa suke rububinsa! To ɗan nan, wa ya ce maka warkewa muke nema? Ƙiba muke nema. Kuma da kake ta suya-suya, ni kaza a gidana sai da Salla, ko in baƙon kunya ya sauka. Sauran kwanakin ita ce asusuna. Ciyar da ita kuwa kullum ne."

Wani dattijo daga Madadi ya ɗaga murya daga baya: "Alhaji, tunda abinci ne, ledar ta yi ƙanƙanta. A auna mana da kwano!" Wata ta ce a rage gishiri, yana sa su ƙishirwa. Kafin la'asar taron tallar suya ya koma taron shawara kan kiwon kaji. Zakaran kuwa an cinye shi tas, an kuma yarda ya yi ƙaras-ƙaras, ba dai wanda ya tambayi yadda aka yi.

A hanyar komawa Alhaji ya dube ni ya ce, "Shehin malami, daga gefe yake shigowa ko?" Muka yi dariya har sai da muka tsaya a bakin hanya. Ba a kashe tanda da Sallar nan ba, ba a kuma kashe ta ba har Allah ya karɓi ran Alhaji. Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa ke riƙe da gidan yanzu, an cire gishiri, an ƙara dusa, leda ta zama babba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka koya wa mutane yadda za su ci kazarsu, ka fara tambaya ko cin ta suke yi. Na kuma ga da idona cewa gaskiyar da mutum ke tsoron za ta rushe shi, wani lokaci ita ce ke gaya masa sana'ar da yake yi. Na sha faɗa wa ɗalibai haka, da murya irin ta manyan darussa.

Garin yana nan a kasuwar Gwarzo, a layin masu dusa, da jan zakara a gaba. Bayanin suyar da na rubuta ma yana nan a bayan ledar, ba a taɓa ko wasali ba. Har yau ba wanda ya karanta shi balle ya ce a cire.