Sinekiya, Mijin Yayata

Shekarar da mijin yayata ya samu muƙami, ina koyarwa a wata firamare a Maiyama. Kafin nan manomin albasa ne a Sabiyal, kuma ya iya noma. Sai ya bi wani ɗan siyasa yawon kamfen, aka ci zaɓe, aka naɗa shi mataimaki na musamman. A kan me, ba wanda ya sani, har shi kansa.

Ranar walima wani lauya ya dafa kafaɗarsa yana murmushi ya ce, "Ka samu sinecure." Mutumin naka ya ɗauka sarauta ce. Ya kai babur ɗinsa Jega aka rubuta kalmar a jikin tanki da jan fenti. Daga nan in ba Sinekiya ka kira shi ba, ba ya waiwayowa.

Ni ban taɓa jin kalmar ba. Na tambayi wata abokiyar aikina, 'yar Zuru, mai koyar da Turanci. Ta ce ko Turawa ba kasafai suke faɗinta ba. "Aiki ne da za a riƙa biyan mutum albashi ba ya tsinana komai. Cima-zaune ke nan, amma mai takardar gwamnati."

Ranar kasuwar Aliero na same shi a rumfar mai shayi, an kewaye shi. Na ja shi gefe don kada ya ji kunya a gaban mutane.

"Yaya, kalmar ga da ka rubuta ga mashin ba yabo ba ce. Cima-zaune take nufi."

"To mi?" in ji shi. "Kai da kake shaƙar alli tun safe, wa ya taɓa yi maka walima?"

Ya koma kan benci ya maimaita musu fassarar da bakinsa, yana ƙyaƙyata dariya. Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce Allah shi ba ɗansa irinta. Duk rumfar ta amsa da amin. Ban sha shayin da aka zuba mini ba.

A ranin nan irin albasarsa ya bushe a fadama, don ya ce mai muƙami ba ya ban ruwa. Da gwamnati ta sauya aka share sunansa, amma bai sake taɓa fartanya ba. Yanzu a ƙofar gidan wani sabon ɗan siyasa yake wuni. Yayata ce ke ciyar da gidan da ƙuli-ƙulin da take soyawa. In zan je gaishe ta, nakan bari sai na tabbata ya fita.