Notin da Baba Ya Tafi Nema

Jiya wani bakanike a Gomari ya fizge farantin ƙarfen da ke kare injin motata daga zafin salansa, ya jefar. Ya ce, "Alhaji, ba ya aikin komai."

A kan farantin nan na rasa Baba, tsohon bakanikenmu na Lamisula. Lokacin da bama-bamai ke tashi ne farantin ya fara kwaramniya, kullum sai an tsare ni a shingen bincike. Na ce ya cire ya yar. Ya ɗiga baƙin mai a notunan, ya zauna yana cin goro, yana jiran tsatsa ta saki. Duk da haka ɗaya ya karye.

Ya ce, "Ɗana, wanda ya sa farantin nan ba mahaukaci ba ne. Bari in samo noti a kasuwa, mu mayar."

Na yi tsaki, na ce ya yi sauri. Maganata ta ƙarshe da shi ke nan. Ina jingine da motar na ji ƙarar bam daga kasuwa.

Jiya na tsuguna na ɗauki farantina. Allah Ya sanyaya makwancin Baba, ni kuma Ya yafe mini tsakin nan.