Mutumin da Ya Yi wa Bishiyoyi Sanarwar Rasuwa

Shekara talatin da ɗaya ke nan Kawu Haniff Baksh yana tsaron ƙofar ruwan ƙauyenmu a gaɓar teku ta yankin Essequibo. In teku ya janye, Kawu ya murɗa ƙarfe ya buɗe ƙofar, ruwan gonakin shinkafa ya fita. In teku ya juyo, ya rufe ta. Tsakanin nan ya hau kekensa ya je ya kira salla. Ƙauyen yana ƙasa da teku, ba abin da ya raba mu da shi sai ganuwa da kurmin kurida, bishiyoyin da ke karya ƙarfin igiya.

Bara wani kamfani ya fara sare kurmin don gina wurin shaƙatawa, alhali kowa na ganin teku yana ƙara hawa duk shekara. Sau uku Kawu yana zuwa gidan rediyon yankinmu. A na ukun editan ya ce, "Kawu, bishiya ba labari ba ce. In ruwa ya ci wani, ka kira mu." Kuma ya faɗa ne yana cin gurasar roti, ko kunya babu!

Kawu ya dawo yana huci. Matarsa Bibi Zorina ta ce, "Malam, ka daina ɓata takalminka. A garin nan wa ake saurare in ba matattu ba?"

Gaskiyarta. Nan kowa yakan ajiye cokali idan an fara sanarwar rasuwa a rediyo. Sai Kawu ya rubuta tasa, aka karanta tsakanin mamata biyu: "Ana sanar da rasuwar kurida ɗari shida, masu shekara sittin. Sun bar gidaje ɗari huɗu ba mai tsaronsu. Zaman makoki a bakin ganuwa, bayan Juma'a."

Musulmi suka zo, Hindu suka zo, Kirista suka zo, har da masu kawo kofi da biskit kamar kowane makoki. Kawu ya ce, "Ƙasar nan amana ce Allah ya ba mu. Wanda ya ga ana cin amana ya yi shiru, da shi aka ci." Kwana tara muna zaune gaban injinan kamfanin kafin aka dakatar da aikin. Sai a lokacin 'yan jarida suka iso, suka kira shi "wani dattijo". Abin yana ƙona mini rai har yau.

Kai ne ka yi aikin masu makirufo, Kawu, ba ka da ko katin shaida. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma 'yan jarida, ku koyi zuwa tun mutane suna da rai.

An ceci rabin kurmin. Rabin da aka sare yayin da kuke jiran gawa, ta nan teku ya shigo a watan Janairu, ya cinye gidaje goma sha ɗaya. Gobe Kawu zai miƙa makullin ƙofa ya yi ritaya, ya koma ɗakin da masallaci ya ara masa, domin gidansa yana cikin waɗanda teku ya cinye.