Rumfar Goyo a Bayan Katangar Kwaleji

Tun kafin masu ƙosai su ɗora kasko Magdalene Shekwolo take barin unguwar Kpakungu ta Minna, da tabarma da tulun ruwa a kafaɗa, yadda matan Gwari ke ɗaukar kaya. Tana isa rumfarta a bayan katangar kwaleji sai ɗalibai su fara zuwa, kowacce ta kwance goyonta ta miƙa mata, ta ruga aji.

Da can shara take yi a cikin kwalejin. Lokacin ne aka cika mana kunne da shelar an buɗe wa matan karkara ƙofar karatu mai zurfi. Sai ga doka a bakin ƙofar: ba a shiga da jariri. Wa suke tsammanin zai fito daga ƙauye in ba matan aure masu goyo ba? Da yawa haka suka juya gida, aka kuma zauna a ofis ana cewa matan ƙauye ba sa son boko. Abin da ciwo.

Magdalene ta riƙa karɓar jariran a ɓoye, tana kwantar da su a ɗakin ajiye tsintsiya. Asiri ya tonu a 1986, ranar jarrabawar ƙarshe ta wata ɗaliba, Lailatu Ndako, wadda surukanta suka ce in ba ta gama bana ba, karatu ya ƙare. Ɗanta ya tsala kuka, shugaban masu gadi ya ji. Ya ce ko uwar ta fito ta ɗauki abinta, ko mai shara ta bar aiki. Lailatu ta ajiye biro tana hawaye. Waɗanda ke wurin sun ce Magdalene ce ta tare mata ƙofa.

"Koma ki rubuta, 'yata," in ji ta. "Tsintsiya akwai ta a kasuwa."

Yau Lailatu malamar sakandare ce. Magdalene kuwa korarta aka yi, ko sannu babu, ta fito ta kafa rumfa.

Ke ce uwar goyon kwaleji, Mama. Ke kika yi abin da masu manyan kujeru suka yi ta alkawari. Yanzu bayanki ya gaji, za ki koma ƙauye. Mun gode, Allah ya saka miki.

Ku kuma mutanen Minna, wani ya fito ya karɓe ta. Dokar tana nan ba a taɓa ta ba, Litinin za a koma karatu, kuma akwai masu goyo cikin sababbin ɗalibai.