'Yan Tsana Marasa Ido

Yayana ne ya koya mini kallon kartun ɗin Japan. Gidanmu a Madabo yake, can cikin wani lungu da ko babur sai ya karkata kafin ya shige. Tun bayan rasuwar mahaifiyarmu mu biyu ne a gaban Baba, sai ƙanwarsa da muke kira Gwaggo, wadda ta dawo gidan don ta riƙe mu. Yaya yana da wata tsohuwar kwamfuta da batirinta ya mutu, ba ta tashi sai an kawo wuta. Da an kawo zai leƙo daga ɗakinsa na soro ya ce, "Ke, taho, an kawo." Ko wanke-wanke nake yi sai in bar kwanukan a jiƙe.

Ba na jin yaren Japan, shi ma ba ya ji. Turancin da ke gudu a ƙasan hoton kuwa ya fi ƙarfina a lokacin, don haka shi yake fassara mini, yana canza murya, ya yi ta tsoho, ya yi ta mugu. Na san wani abin daga kansa yake ƙarawa, don babu yadda za a yi jarumin Japan ya ce bari ya leƙa Kurmi ya sayo takobi. Labarin da muka fi so dogo ne ƙwarai, na wata yarinya mai jan gashi da take bin gari-gari tana neman ƙaninta, tare da wata dabba mai kama da mage amma da ƙaho. Ba mu kai ƙarshensa ba Yaya ya samu aiki a Fatakwal.

Ya bar mini kwamfutar. Da farko in muka yi waya ina ba shi labarin inda aka kwana. Daga baya na lura "to, to" kawai yake cewa, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya yi aure a can. Ranar da na kalli kashi na ƙarshe na kira shi cikin zumuɗi, na ce, "Yaya, ta same shi fa."

"Wa ta samu?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya ce, "Ashe har yanzu kina kallon abin nan." Sai ya tambaye ni jikin Baba.

Ƙawayena na unguwa ba su san wannan duniyar ba. Su finafinan Indiya ne da na Hausa, in na kawo zancen kartun sai su ce abin yara ne. Na daina kawowa. A waya na riƙa bin shafukan masu irin ra'ayina, ina karanta labarin sabon fim da za a saki, da wanda aka fasa, da mutanen da suke ɗinka kayan jaruman su saka su taru a manyan birane. A nan na ga wata mata ta saƙa 'yar tsanar wani jarumi da zaren ulu. Na daɗe ina kallon hoton. Gwaggo ta koya mini riƙe kwarashi tun ina ƙarama, hular jarirai da safa nake saƙa wa masu suna. Washegari na sayo jan zare.

Ta farko ba ta yi kyau ba, kan ya fi jikin girma. Na warware na sake. Da na gama saƙa yarinyar nan mai jan gashi na cusa mata auduga, na yi mata idanu da ƙananan maɓallai, na ajiye ta a kan taga. Gwaggo ta shigo ɗaukar tsintsiya, ta tsaya.

"Wannan fa?"

"'Yar tsana ce, Gwaggo."

"Da girmanki? Kuma a ɗakin da kike salla, abu yana kallon mutum haka." Ba ta yi faɗa ba, amma ta ce ita hankalinta ba zai kwanta da mutum-mutumi a cikin gida ba. Maganar ta kai ga Baba. Ya juya 'yar tsanar a hannunsa, ya ce shi ba malami ba ne, amma in idanun ne suka dami ƙanwarsa a cire su, kowa ya huta. Na sa almakashi na yanke maɓallan. Tun daga nan duk wadda na saƙa ba na yi mata ido ko baki, sai gashi da kaya da makami.

Na fara saka hotunansu a shafina. Mutanen da ban sani ba suka riƙa rubuto yabo, wasu da yaren da sai waya ta fassara mini. Wani ya ce rashin fuskar ne ya burge shi, yana sa mutum tunani. Ban gaya masa dalilin ba. Amma duk cikinsu babu wanda zai iya yin sallama a ƙofar gidanmu.

Sai wata rana na ga sanarwar za a yi taron masoya kartun da wasannin kwamfuta a nan Kano, a wani otal da ke Nasarawa. Na karanta ta sau da yawa. Baba ya ba ni izini, Gwaggo ta ce in dawo kafin magariba. Na zuba 'yan tsanata a jaka, na fito titi ta Ƙofar Mazugal na tari adaidaita sahu.

Ɗakin taron cike yake da sanyin na'ura da kiɗa. Ga wani ya yi sulke da kwali ya fesa masa fenti ruwan azurfa, ga wata ta ɗora kunnuwan dila a kan ɗankwalinta. Kusan kowa ya girmi shekarun da na fara kallo, amma ni na girme su. A ƙungiya-ƙungiya suka zo, Turanci suke yi da sauri, suna dariyar abubuwan da na gane sarai amma na kasa tsoma baki. Na zagaya teburan sau biyu, jakata a rufe a ƙarƙashin hijabi. Daga nan na samu kujera kusa da ƙofa na zauna.

Jelar dabbar nan mai ƙaho da na saƙa ce ta leƙo daga bakin jakar. Wata yarinya mai tabarau ta zo wucewa, ta ja birki, ta faɗi sunan dabbar. Ban taɓa jin wani ya furta sunan a gabana ba in ban da Yaya. Ta fara da Turanci, da na amsa da Hausa sai ta juya.

"Anti, ke kika saƙa? Don Allah in gani."

Na juye mata su duka a kan cinyata. Ta durƙusa tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowacce ba kuskure. Ta ce kakarta a Shahuci take, can take yin hutu. Muka yi musu a kan ƙarshen labarin: ita tana ganin bai kamata ƙanin ya ƙi komawa gida ba, ni kuwa na ce haka ya fi kama da gaskiya. Ban san na iya surutu haka ba. Har ƙawayenta suka gaji da jira suka zo suka ja ta ɗaukar hoto. Kafin ta tafi na ba ta dabbar, muka karɓi lambar juna.

Na ce mata ta zo gida in koya mata saƙar, tafiyar ƙafa ce daga Shahuci. Ta ce in sha Allahu za ta zo. Na sayi kwarashi na biyu, na gyara ɗaki, har Gwaggo ta tambaye ni ko baƙuwa zan yi. Sati na zagayowa ta rubuto tana ba ni haƙuri, ta ce an matso da ranar komawarsu makaranta a Masar, shirye-shirye sun yi mata yawa.

Bayan ta isa ta turo mini hoton dabbar a zaune a kan littattafanta. Mun ɗan ci gaba da gaisawa, sai jarrabawa ta zo mata, saƙonnin suka ja baya. Daga baya ta canza layi, sabon bai zo mini ba. In hanya ta bi da ni ta Shahuci nakan rage sauri ina duban ƙofofin gidaje, duk da ban taɓa tambayarta wanne ne na kakar tata ba.